Anti, ni na zaɓa wa kaina wannan?

Wasiƙar wannan makon ta zo ba suna. Mai ita ta ce 'yar cikin birni ce, a nan Kano. Na rage tsawonta, na kuma cire duk abin da zai sa wani ya gane ta.

"Assalamu alaikum Anti. Shekarata 25, na gama karatu, an sa ranar aurena bayan Babbar Sallah, har an kawo lefe. Ina son wanda zan aura, so na gaskiya, ba wanda ya matsa mini. Idan ya zo zance har gabana faɗuwa yake don murna. Amma Anti, tun ina aji biyu a ƙaramar sakandare nake jin irin wannan abin game da mata ma. Wallahi ban taɓa aikata komai da kowa ba. Na yi azumi, na yi tsayuwar dare, na sha rubutu, abin bai tafi ba. Kwanaki na yi wa 'yar ƙanwar mamata zancen a kaikaice, kamar labarin wata nake ba ta. Sai ta ce ai masu son maza da mata a haɗe su ne suka fi lalacewa, don su ba su da uzuri, zaɓa suka yi, haɗama ce kawai. Tun ranar ban ƙara barcin kirki ba. Anti, ni na zaɓa wa kaina wannan? Da ana zaɓa, akwai mai hankalin da zai zaɓa? Cutar bawan Allahn nan zan yi idan na aure shi? Wani lokaci har roƙo nake Allah Ya ɗauki raina kafin ranar."

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Daga ƙarshen wasiƙarki zan fara, don nan ne ya fi tsaya mini a rai. Ki bar roƙon nan. Manzon Allah (SAW) ya hana ɗayanmu burin mutuwa saboda wata wahala da ta same shi, kuma ke wahala ce ta same ki. Idan tunanin ya wuce roƙo, ya kai ga kina saƙa yadda za ki cutar da kanki, kada ki kwana da shi. Ki je Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wurin likitocin ƙwaƙwalwa, ki ce ba kya barci, kina yawan kuka, kina tunanin mutuwa. Wannan kaɗai ya isa a duba ki, ba sai kin zazzage musu duk abin da ke cikinki ba. Ko ma bai kai nan ba, makonni ba barci dalili ne na ganin likita, kuma mai zuwa wurinsu ba mahaukaci ba ne.

To, mu zo kan tambayarki. Kin ce aji biyu na ƙaramar sakandare. Shekarunki nawa a lokacin? Sha biyu, ko sha uku. Yarinyar da har lokacin ake aike ta sayo daddawa da kuka, wadda idan an yi baƙi ake kora ta ɗaki, ita ce ta zauna ta auna, ta ce bari in ɗauko wa kaina abin da zai hana ni barci ina shekara 25? Ki tambayi 'yar uwar taki a ranki: ita wace rana ta zaɓi son maza? Ranar Talata ce ko Laraba? Ba za ta iya faɗa miki ba, domin ba ta zaɓa ba. Ta dai wayi gari ta ga idan wani yaro ya wuce ta ƙofar gidansu sai ta gyara mayafi. Haka ya zo mata, ke ma haka naki ya zo miki, sai dai naki ya zo da ƙari.

Ina da ƙane bahago. Muna yara, idan aka ajiye mana kwanon tuwo a tsakar gida, kakarmu takan zauna kusa da shi da ludayi a hannu. Da ya miƙa hagu sai ki ji ƙwas a bayan hannunsa. Akwai lokacin da ta ɗaure masa hannun da bakin zaninta har aka gama cin abinci, yana ci yana hawaye, miya na zuba a rigarsa. Yau ya haura arba'in. Da dama yake ci, da dama yake gaisawa, da dama yake miƙa wa mutane abu. Amma ki jefa masa mukullin mota ba zato, ki ga hannun da zai cafe. Ludayin kakarmu bai cire masa haguntaka ba. Ladabin cin abinci kuwa ya koya, kuma da lallashi ma da ya koya. Duk lokacin da aka kawo mini matsala irin taki shi nake tunawa, don a jikinsa na fara ganin bambancin abin da aka halicci mutum yana karkata gare shi da abin da yake aikatawa da saninsa.

Masu bincike sun daɗe a kan wannan. A 1948 da 1953 wani masani ɗan Amurka, Alfred Kinsey, ya fitar da sakamakon hirar da shi da abokan aikinsa suka yi da dubban maza da mata. Ya ga ba a raba mutane gida biyu kamar tumaki da awaki, sai ya yi ma'auni daga 0 zuwa 6: a wannan bakin mai sha'awar ɗaya jinsin kaɗai, a wancan bakin mai sha'awar jinsinsa kaɗai, a tsakani kuma mutane da yawa. An soki yadda ya zaɓo waɗanda ya yi hira da su, amma maganar cewa akwai na tsakani ta tabbata a binciken da ya biyo baya. A 2019 aka wallafa wani babban bincike kan ƙwayoyin gado na mutum kusan rabin miliyan, galibinsu daga Birtaniya da Amurka. Ba su sami ƙwaya guda da za a nuna a ce ga ta ba. Sun ga gado yana da hannu, ta ƙananan hanyoyi masu yawa, sauran kuma daga abubuwan da ba na gado ba. Wasu sukan ji haka su ce to ashe zaɓi ne. Ba haka ba ne. Harshen da kike mafarki da shi ma ba a jininki yake ba, amma ba ke kika zaɓi Hausa ba.

Akwai kuma shaidar waɗanda suka gwada canzawa da dukkan ƙarfinsu. Wata ƙungiyar Kiristoci a Amurka mai suna Exodus International ta yi shekara 37 tana yi wa mutane alƙawarin raba su da irin wannan sha'awa. A 2013 ta rufe, shugabanta Alan Chambers ya nemi gafarar waɗanda aka cutar, bayan ya faɗa da bakinsa cewa kusan duk waɗanda ya sani abin bai bar zuciyarsu ba. Mutanen nan sun yi kuka, sun yi azumi irin nasu, sun kashe kuɗi. Da zaɓi ne da sun ajiye. Don haka azuminki da tsayuwar darenki ba a banza suka tafi ba, suna nan a mizaninki, kuma rashin tafiyar abin ba alama ba ce ta cewa an juya miki baya.

Ni ba malama ba ce, ba kuma zan ba ki fatawa ba. Hukuncin aikatawa sananne ne wurin malamanmu, kin san shi, ba shi kika tambaye ni ba. Kin tambaye ni game da abin da ke cikin ƙirjinki, kuma a kan wannan addininmu ya fi 'yar uwarki sauƙi nesa ba kusa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah Ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya musu matuƙar ba su aikata ba ko suka furta. Ki duba kuma Suratun Nisa'i aya ta 129, inda aka ce wa maza ba za su iya daidaita tsakanin matansu ba ko sun yi kwaɗayin haka. Malaman tafsiri suka ce karkatar zuciya ake nufi. Mai mata biyu za a tambaye shi rabon kwana, da cefane, da ɗinkin Sallah. Wacce ta fi kwanta masa a rai kuwa, wannan ba a hannunsa yake ba. Mu da muka tashi a gidajen kishiyoyi mun san wannan tun kafin mu iya karatu. Ibn Hazm, malamin Andalus da ya rasu a 1064, ya rubuta cewa so a kan kansa addini bai ƙi shi ba, shari'a ba ta haramta shi ba, domin zukata a hannun Allah suke. Ke da kika yi shekara sha biyu da wannan a ranki ba ki taɓa miƙa hannu ba, ban ga inda za a ɗora miki kalmar lalacewa ba.

Kin ce, da ana zaɓa akwai mai zaɓa? A Kano, ban yi zaton akwai ba. Wa zai zaɓi ya riƙa auna kowace kalma a gaban mahaifiyarsa? Wa zai zaɓi ya zauna a ɗakin amarya ana zagin 'yan maɗigo, yana murmushin dole, cikinsa na ƙugi? A ƙasashen da ba a ɗaure mutum kan wannan za ki ji wasu na cewa ko an ba su dama ba za su canza ba, don da shi suka san kansu. Wasunsu kuma can ma cewa suke da sun huta, domin su ma ana ce musu marasa tsayawa wuri ɗaya, har daga bakin masu son jinsinsu kaɗai. Kin ga amsar ta fi nuna irin kuɗin da garin mutum ke cajinsa a kan abin. Kuma ba wanda aka taɓa kawo wa faranti aka ce ɗauki ɗaya. Tambayar tana cin ranki ne a banza, kamar ki zauna kina tuhumar kanki don me kika zo doguwa.

Maganar haɗama ita ce ta fi yi miki ciwo, na sani, kuma ita ta haifi tsoron cewa za ki cuci angonki. Bari in tambaye ki. Shi angon naki, idan ya shiga Kantin Kwari ko ya bi ta Zoo Road da yamma, mata nawa masu kyau yake gani? Ranar da aka shafa fatiha idonsa zai daina gane kyakkyawa? Ba zai daina ba. Kuma ba wanda zai ce ya ci amanarki saboda haka, sai ranar da ya tsaya ya karɓi lamba. Amana aiki ce da ake yi kullum, da ido da ƙafa da waya. Abin da ake nema gare shi shi ake nema gare ki. Iyakar bambancin, ke kina da ƙofa biyu da za ki kula da su.

Wata malamar jami'ar Utah a Amurka, Lisa Diamond, ta bi rayuwar wasu 'yan mata na tsawon shekara goma, ta fitar da sakamakon a 2008. A cikinsu, masu sha'awar maza da mata yawanci sun ci gaba da jin duka biyun, abin bai zama zangon da ake wucewa ba. Amma a ƙarshen shekarun mafi yawansu suna zaune da mutum ɗaya, zama mai ɗorewa. Na kawo miki wannan ne don abu biyu. Kada ki shiga ɗakin miji da zaton aure magani ne, ki tashi wata rana ki ji abin yana nan ki ce kin halaka. Kada kuma ki yarda da mai ce miki irinki ba ta iya riƙe aure.

Shi ya sa tambayar da nake so ki yi wa kanki, ke kaɗai bayan sallar asuba, ita ce wannan: mutumin nan, shi kansa kike so, ko mafaka kike nema? Kin ce gabanki na faɗuwa idan ya zo. Idan har haka ne, idan kina marmarin zama da shi, jikinki bai ƙyamace shi ba, to aurenki aure ne kamar na kowa, ba yaudara a cikinsa. Idan kuwa kika duba kika ga tsoro ne ya kai ki, gara a mayar da akwatuna yanzu, a yi surutun wata biyu a manta, da a yi shekara goma ana cutar juna da 'ya'ya a tsakani. Na ga matan da ba su da sha'awar namiji ko kaɗan, aka tura su ɗakin miji don a rufe bakin dangi. Su da mazajen duk sun sha wuya. Idan kin haɗu da irinsu a rayuwa kada ki ɗaga musu hanci don ke an buɗe miki wata hanya, su ma ba su zaɓa ba.

Ba ki ce akwai wata takamaimiya ba. Idan akwai ƙawar da ranki ya maƙale mata, to nan ne zaɓinki na gaskiya yake. Ki yi da ita yadda za ki yi da namijin da ba mijinki ba: a rage hirar tsakar dare, a bar kwana ɗaki ɗaya, a bar keɓewa. Ba sai kin yi faɗa da ita ba, ba sai kin yi mata bayani ba. Hidimar biki ma ta ishe ki uzuri.

Sai abin da ba ki tambaya kai tsaye ba amma yana ƙarƙashin wasiƙar: ki gaya masa? Na daɗe ina juya wannan, don ba na son ɓoye-ɓoye tsakanin miji da mata. Amma shawarata ita ce kada ki gaya masa yanzu. Haƙƙinsa a kanki shi ne ki so shi da gaske, ki riƙe masa amana, ki kuma zo masa da gaskiya kan lafiyarki, wanda gwajin kafin aure da jihar Kano ta wajabta a 2024 ya ɗauke muku. Ba haƙƙinsa ba ne ya san duk abin da ya taɓa giftawa a zuciyarki, kamar yadda ke ma ba za ki sa shi ya lissafa miki duk macen da ta taɓa burge shi ba. Magana zarar bunu ce. Mutumin da kika sani a zaure, ya sha turare ya zo da ledar tsaraba, ba ki san shi a ranar fushi ba tukuna. Sau nawa muka ga sirrin da aka faɗa a kan gado ya fito a gaban waliyyai, ko a gaban alƙali? Idan kun yi shekaru kin ga zurfin cikinsa da tausayinsa, sannan ki auna da kanki. 'Yar uwar nan taki kuwa, kada ki ƙara yi mata zancen, ko a kaikaice. Ta riga ta nuna miki inda ta tsaya.

Ina faɗin haka ne don na taɓa ganin yadda abin yake ƙarewa. Muna makarantar kwana aka tsinci wasiƙa a ƙarƙashin katifar wata yarinya, ta rubuta wa wata 'yar aji biyar. Ba komai a ciki sai kalaman so irin na yara, har da zanen fure. Aka karanta a filin taro, gaban ɗalibai sama da dubu. Har yau ina ganinta a tsaye a bakin ƙofar makaranta da akwatin ƙarfe da bokitinta shuɗi, kofin silba na ƙara a ciki saboda hannunta na rawa, tana jiran mahaifinta. Ba wanda ya kama ta da aikata komai. Mu da muka tsaya muna kallo ba wadda ta ce uffan, har da ni, kuma wannan shirun yana cikin abin da ya sa nake amsa wasiƙu irin taki.

Wannan kafin zuwan waya ke nan. Yau abin ya fi haɗari. A watan Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana auren jinsi ɗaya, mai ɗaurin shekara 14 ga masu auren, da shekara 10 ga shiga ƙungiyoyinsu ko nuna irin wannan soyayya a fili. Kano kuma tana da dokokin shari'a tun 2000, kuma Hisbah na kame a kan wannan. Babu ɗaya daga cikin dokokin nan da ke hukunta abin da ke zuciya, amma jita-jita ba ta jiran alƙali, kuma akwai mugayen da suka mayar da tsoron mutane sana'a. Za su zo miki a Facebook ko WhatsApp da hoton mace, da kalamai masu sanyi, "ni ma irinki ce, ki saki jiki da ni." Da kin rubuta layi ɗaya ko kin tura hoto, sai a fara neman kuɗi, ana barazanar turawa ga iyayenki ko angonki. Kada ki rubuta wa baƙuwar fuska komai. Saƙon da kika turo mini ma ki goge shi daga wayarki, amarya ba ta rasa masu ɗaukar wayarta su duba hotunan lefe.

Ki riƙe azkar ɗinki da karatun Alƙur'ani, su ne za su sanyaya miki rai. Amma duk wanda ya ce aljani ne ya aure ki, zai rufe ki a ɗaki da hayaƙi ko ya sa miki bulala, ki guje shi. Haka mai cewa yana da allura ko garin magani na wannan. Tun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtuka, babu maganin asibiti da aka yi don ita. Abin da likita zai yi miki magani shi ne rashin barci da damuwar da ke neman kayar da ke, kuma waɗannan suna jin magani.

Yau da daddare ki ci abinci, ko kunu ne. Ki ajiye wayar nesa da filo. Gobe ki je wurin tela ki ga inda aka kwana kan ɗinkin fitar biki, ki zauna da mamarki ku lissafa kayan kicin. Bayan mako biyu ki rubuto mini, ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki gaya mini awa nawa kike barci, ko kin samu ganin likitan, da amsar da kika samu bayan sallar asuba.

Allah Ya sanyaya miki, ƙanwata. Ina jiran saƙonki.